Bagaruwa da Hulba a Ɗakin Mai Jego

Showak gari ne a bakin kogin Atbara, a jihar Gadarif ta gabashin Sudan. A wannan yanki akwai Hausawa da dama, jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka, da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903. Sun zo da jegonsu na gida, suka tarar da na mutanen ƙasar, sai ga shi a wuri guda sun yi tarayya: bagaruwa, wadda Larabawan Sudan ke kira garad.

Idan mace ta ƙaru wurin haihuwa, akan tafasa 'ya'yan bagaruwa har ruwan ya yi ja, a tace, a bari ya huce, ta zauna a ciki. Baurin nan da ke kama harshe shi ne maganin. Sinadarin tanin ne, wanda majema ke jeme fata da shi. Yana tsuke nama, ya rage tsattsafowar ruwa, raɗaɗi ya lafa. Sharaɗin dai a wanke robar zaman tas, a kuma dafa sabon ruwa kowane zama. Barbaɗa garin bagaruwar a kan ɗanyen rauni kuwa ganganci ne, domin ƙura na iya shigar da cutar tetanus.

Ciwon mara na kwanakin farko mahaifa ce ke komawa mazauninta, shi ya sa yake tsananta lokacin shayarwa. A Sudan ana dama wa mai jego kunun hulba da madara, wasu su ƙara da shayin ganyen harjal.

Inda ya kamata a yi hattara shi ne kunun kanwa. A shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry sun bi diddigin masu jegon da zuciyarsu ke gazawa a Zariya, suka danganta abin da yawan shan kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Gishirin kanwa na tara ruwa a jiki, zafi kuma ya ƙara wa zuciya aiki. Iyayenmu ƙauna ce ta sa su, amma a rage. In ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi sama-sama, ko zazzaɓi ya zo da jini mai wari, asibiti za a nufa a ranar, ba sai an yi arba'in ba.