Kiwon Mayaƙa

Masu buga wasan Fire Emblem suna da wata ɗabi'a da ke ba na gefe mamaki. Mutum zai shafe awa guda yana tura mayaƙansa taki-taki, har ya kusa kama ƙofar gari, sai kibiya ta sami wata yarinya mai warkar da raunuka da ya bari a baya, ta faɗi. Nan take zai kashe na'ura ya koma farko. Ba a ci shi da yaƙi ba, wasan kuma bai hana shi ci gaba ba. Shi ne dai ya ƙi wucewa babu ita.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rafi da damina ya ga makiyayi zai haye da garkensa, ba zai sha wuyar gane wannan ba. Mai wucewa shanu kawai yake gani, farare, ƙahoni a sama. Makiyayin kuwa ya san wadda ke da ciki, ya san wadda ke ɗingishi tun jiya, ya san bijimin da ba ya shakkar ruwa da maraƙin da zai firgita da zarar ƙafarsa ta bar ƙasa. Kowace da sunan da yake kiranta, kuma in ya kira sai ta waiwayo. Idan ya haye da arba'in da tara ruwa ya tafi da ɗaya, kada ka ce masa ya yi ƙoƙari. Ba zai ji ka ba.

A Japan aka raini irin wannan wasa. A 1990 kamfanin Intelligent Systems ya fitar da Fire Emblem na farko a kan na'urar Famicom ta Nintendo, ƙarƙashin jagorancin Shouzou Kaga. Tsarinsa mai sauƙi ne a ido: filin daga an yanka shi gida-gida, kowane mayaƙi yana da iyakar gidajen da zai iya takawa, kai ka motsa naka duka, sannan ka naɗe hannu abokin gaba ya motsa nasa. Wasannin yaƙi na kwamfuta sun riga shi da wannan. Abin da ya zo da shi shi ne kowane soja yana da suna, da fuska, da dalilin da ya kawo shi, kuma wanda ya mutu ya mutu ke nan har ƙarshen labari.

A nan ne zanen anime, wato salon zanen katun na Japan, yake aikinsa. Na'urorin wancan zamani ba su da ƙarfin nuna mutum sosai, soja a fili ɗan tsurut ne kamar ƙwayar gero. Amma in ka taɓa shi sai hotonsa ya fito a gefe: manyan idanu, gashi shuɗi ko kore ko ja, tabo a kumatu. Wasu na yi wa launin gashin dariya, wai ina aka taɓa ganin yarima mai shuɗin kai kamar Marth, jarumin wasan farko. Makiyayi ba zai yi dariya ba, don da launi da tsayuwar ƙaho yake tsinto saniyarsa daga nesa. A cikin runduna mai mutum talatin ko arba'in, wannan ƙarin gishirin na zane shi ke sa ka gane kowa da kallo ɗaya, har ka fara zaɓen na hannun damanka tun kafin su buɗe baki.

Babu agogon da ke kora ka, kuma ina ganin rabin daɗin a nan yake. Kamar yadda mai garke ke tsayawa a gaɓa ya dogara sanda yana karanta ruwa, ina mashigi yake, ina laka, ina igiyar ruwa ta fi ƙarfi, haka mai wasa ke zura wa fili ido yana ƙirga gidaje. Tun daga Fire Emblem: Genealogy of the Holy War na 1996 aka kafa ƙa'idar makamai uku: takobi yana rinjayar gatari, gatari yana rinjayar mashi, mashi yana rinjayar takobi. Daji yana kare wanda ya shiga cikinsa amma yana rage wa doki gudu. 'Yan matan da ke hawan doki mai fiffike suna tsallake dutse da kogi kamar ba komai, amma kibiya ɗaya ta isa ta sauko da su. A wasu wasanni irinsa, Tactics Ogre na 1995 da Final Fantasy Tactics na 1997, waɗanda Yasumi Matsuno ya jagoranta, an ƙara tudu da kwari: maharbin da ke kan ganuwa ya fi na ƙasa, sara ta baya kuma ta fi ta gaba samun shiga. Kafin ka kai hari wasan zai nuna maka lissafi, cewa damar samunka kashi 85 ce cikin ɗari. Ka gama duk dabararka, ka danna, sai ragowar 15 ɗin ta zo maka. Daga nan sai kallo, abokan gaba suna matsowa ɗaya bayan ɗaya zuwa ga wanda ka bari a fili.

Inda kiwon ya fi fitowa sosai shi ne wajen rainon raunana. A wasan farko an ba Marth wani tsohon barde mai suna Jagen. A fagen farko babu kamarsa, duk wanda ya tunkara sai ya kwantar. Sabon ɗan wasa sai ya ji daɗi ya riƙa tura shi gaba yana share fili. Matsalar ita ce mayaƙi da yaƙi yake girma, kuma Jagen ya gama girmansa. Duk abokin gaban da ya kashe, abincin wani matashi ne ya cinye. Sai an yi nisa, maƙiya sun yi ƙarfi, tsohon ya fara gazawa, sannan mutum ya waiga ya tarar samarinsa har yanzu maruƙa ne. Har yau masu wasan suna kiran duk irin wannan gwarzo na farkon labari da sunan Jagen, suna kuma jayayya kan yadda ya kamata a more shi. Mai hankali yakan sa shi ya tare hanya, ya raunata abokin gaba, ya bar wa yaro ƙarasawa.

Akasinsa shi ne Donnel na Fire Emblem Awakening, ɗan ƙauye da ya kifa tukunya a kai a madadin kwalkwali. Ranar da ya shigo runduna, ko ɓarawon daji ɗaya ba ya iya kayarwa shi kaɗai. Sai ka yi ta kewaye shi da manya, kana nema masa wanda ya riga ya jigata, kana janye shi in wuri ya yi zafi. Wanda ya jure wannan wahala, can gaba zai ga yaron tukunya yana tsaye shi kaɗai a bakin gada runduna ta kasa wuce shi. Daɗin da ake ji a lokacin bai da alaƙa da labarin da marubutan wasan suka tsara. Irin na mutumin da ya ɗauki maraƙi a kafaɗa ya haye da shi ne, bayan shekaru ya ga shi ke jan garke. Garken ma yana haihuwa: mayaƙan da suka saba tsayawa kafaɗa da kafaɗa sukan fara hira, su shaƙu, a Genealogy da Awakening har su yi aure, 'ya'yansu su shigo runduna da gadon ƙarfin iyayensu.

Kwatancen yana da inda yake ɗingishi, don makiyayi nesa da haɗari yake kai dabbobinsa, mai wasa kuwa cikinsa yake tura nasa. Wasannin da suka fi kyau sun san da haka, kuma suna matsa maka a kai. Matsuno ya tsara Tactics Ogre yaƙin Yugoslabiya yana ransa, shi ya sa tun a babin farko ake umartar jaruminka ya hallaka mutanen ƙabilarsa a garin Balmamusa don a ɗora wa maƙiya laifi jama'a su tashi. Ka yarda ko ka ƙi, labarin ya rabu biyu. A Fire Emblem: Three Houses na 2019 malami ne kai a makarantar Garreg Mach, ka zaɓi aji ɗaya cikin uku, amma kana cin abinci da ɗaliban sauran, kana mayar musu da kayan da suka ɓatar. Bayan shekara biyar yaƙi ya raba ƙasar, sai ka tarar da su a ɗaya ɓangaren fili, kuma lissafin da ke fitowa a kansu iri ɗaya ne da na kowane maƙiyi.

Ba kowa ke iya ɗaukar wannan asara ba, kuma kamfanin Intelligent Systems ya gane. Kafin Awakening ya fito a 2012 kasuwar Fire Emblem ta yi sanyi har Nintendo ta sanar da masu yin sa cewa in bai sayar da kwafi 250,000 ba, shi ne na ƙarshe. Cikin abin da suka yi har da ba da zaɓin cewa wanda ya faɗi zai tashi a fage na gaba. Ya sayar fiye da miliyan, jerin ya tsira. Wasannin jerin da suka biyo baya ma sun ƙara ikon mayar da lokaci baya 'yan taku kaɗan. Ban ga laifin wannan ba, mai aiki da iyali ba shi da awa guda ta zubarwa kowane dare. Sai dai ni na fi son hanyar Final Fantasy Tactics. A can idan mayaƙi ya faɗi, lamba 3 ce ke bayyana a kansa tana raguwa. In ka kai gare shi da magani kafin ta ƙare, ya tashi. In ba haka ba ya zama lu'ulu'u ko akwatin kaya, shi ke nan. Sai ka ga mutum ya watsar da tsarin da ya yi minti ashirin yana ginawa, ya juya rabin runduna baya cikin ruwan kibau, saboda maharbi guda da ba shi da ko layi ɗaya a cikin labarin.