Abokin Manomi Da Ke Ɓoye Cikin Ƙasa

Mutanen Unguwar Shanu da yawa, ko da suna aikin ofis ko suna zaman kasuwa, ba su rabu da fartanya ba. Wani yana da 'yar gona a bayan gida, wani kuwa tasa na can wajen Rigachikun ko Mando. Kukansu ɗaya ne: damina ta sake hali. Ruwa ya kan sauka har a yi shuka, sa'an nan ya ɗauke mako biyu ko uku, in ya komo kuma ya zo da ambaliya. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba.

To, akwai wani abokin manomi da ke taimakon shuka a irin wannan hali, amma ido ba ya ganinsa sai da madubin likita. Wata irin fumfuna ce, dangin naman kaza, mai zaren da ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Takan shiga cikin saiwar dawa, da gero, da masara, da wake, da gyaɗa, sa'an nan ta baza zarenta cikin ƙasa har inda saiwa ba ta kai ba. Wani Bajamushe, Frank, shi ne ya raɗa wa wannan zama suna a 1885. Yawancin tsire-tsiren duniya suna da irin wannan abokin.

Zaman nasu na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Ganye yana haɗa sukari da hasken rana, ya aika wa fumfunar rabonta. Ita kuwa ta jawo wa shuka ruwa da abinci, musamman irin wanda ake samu a takin supa. Ƙasar nan ta Arewa kuwa tana da ƙarancinsa ƙwarai.

Yanzu ga inda sauyin yanayi ya shigo. Iskar nan da ake kira kabon, wadda ke fita daga hayaƙin masana'antu da motoci, ta ƙaru a sararin sama da kamar rabin abin da take shekara 200 da suka wuce. Ita ce ke ƙara wa duniya zafi. Masu bincike sun ga in ta yi yawa, shuka takan ƙara wa fumfunar sukari, zarenta ya yaɗu. Sun kuma ga shukar da ke da wannan aboki ta fi jimrin ɗaukewar ruwa, ba ta saurin yaushi.

Amma fa ita ma tana da abin da ke karya ta. In ƙasa ta zauna tsirara rana tana gasa ta, ko ruwa ya kwanta a gona kwana da kwanaki, sai ta ragu. Ba ta kuma iya yaɗuwa sai da ɗanyar saiwa.

Akwai wani abin mamaki. A 2005 waɗansu masana a Japan suka gano cewa abin da saiwa ke fitarwa don kiran fumfunar, shi ne kuma ke ta da irin wuta-wuta daga barci. Dawar da ke jin yunwa ta fi yin wannan kira. Kadan abokin ya amsa da wuri, ya ƙosar da ita, sai ta rage kiran, wuta-wuta kuma ta yi sauƙi.

Saboda haka ga abin da ya kamata manomi ya kiyaye. Kada ya banka wa gona wuta, ya bar kara da ganye su rufe ƙasa. Kada ya yawaita kaftu mai zurfi, gama yana tsinka zaren. Ya riƙa zuba takin gargajiya. Takin supa kuwa ya sa daidai yadda malamin gona ya ce, don in ya yi yawa shuka takan juya wa abokinta baya. Ya haɗa dawa da wake ko gyaɗa. Masu lambu su sani kabeji ba ya zama da wannan fumfuna, watau a riƙa sāke shi da albasa ko masara.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manomi ba shi da iko da hadari, amma yana da iko da yadda zai riƙe ƙasarsa. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.