Duk Kanwar Ja Ce?

Yau za mu duba wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu. In an ambaci ɗan siyasa, sai mu ce, "Ai duk kanwar ja ce." In an ambaci ɗan kasuwa, sai mu ce, "Dukansu macuta ne." In wayar hannu ta yi ƙara, sai mu ce, "Ga 'yan damfara nan." Daga ina wannan magana ta fito, kuma ina take kai mu?

Dalilin da ya sa muke faɗin haka

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutanenmu ba da wasa suka koyi zato ba. Manomi ya kai doya kasuwar Agyaragu, ko ya kai riɗi Doma, dillalai su haɗa baki su karya farashi, shi kuwa ba shi da kuɗin motar da zai mayar da kayansa gida. Uwargida ta sayi shinkafa, sai ta isa gida ta tarar an bubbuge gindin mudun. Wannan ba sabon abu ba ne. Annabi Amos, a sura ta 8, ya tsawata wa 'yan kasuwar zamaninsa domin suna rage mudu, suna kuma yin algus a ma'auni.

Sa'ad da wayar hannu ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, mun yi murna ƙwarai. Amma ta hanyar wayar ne da intanet shirin MMM ya shiga gidaje, yana alkawarin riba kashi 30 cikin 100 a wata guda. A watan Disamba na 2016 aka rufe asusun mutane. Hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC ta ce 'yan Nijeriya wajen miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. A watan Afrilu na 2025 wani shirin mai suna CBEX ya rushe da kuɗin jama'a ta irin wannan hanya. A farkon 2023 kuma, lokacin canjin takardun naira, mutum yakan biya kuɗi mai yawa wurin mai POS kafin ya karɓi kuɗinsa na kansa.

Ga kuma siyasa. A zaɓen gwamna na 18 ga Maris 2023, hukumar zaɓe ta ce Abdullahi Sule na APC ne ya ci. A watan Oktoba kotun sauraron ƙarar zaɓe ta ce David Ombugadu na PDP ne. A watan Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan hukunci, a ranar 19 ga Janairu 2024 kuwa Kotun Ƙoli ta tabbatar da Sule. Mata sun yi watanni suna fita zanga-zanga a Lafia. Ko wane gefe ka tsaya, ɗan'uwana, ka san mutane da yawa sun fito daga wannan al'amari suna cewa ba za su ƙara tsayawa a layin zaɓe ba.

Hattara dabam, fid da zuciya dabam

To, a nan ne ya kamata mu lura sosai. Akwai abu biyu da suka yi kama, amma ba ɗaya ba ne. Mai hattara yakan ce, "Akwai macuta, saboda haka zan bincika." Yakan zo kasuwa da mudunsa. Yakan tambaya, "Wannan riba daga wace sana'a take fitowa?" Ba ya ba kowa lambar sirrin katinsa ta waya, ko da mai kiran ya ce daga banki yake. Wanda ya fid da zuciya kuwa yakan ce, "Kowa macuci ne, saboda haka bincike ba shi da amfani." Na farko yana buɗe ido. Na biyu ya rufe nasa, yana tsammani shi ne mai wayo.

Bari mu ga ɓarna uku da wannan hali yake yi.

Ta fari, yana taimakon macuci. In mai gaskiya da mai algus duk ɗaya ne a wurinka, me zai sa mai gaskiya ya ci gaba da cika mudunsa? Ka hana shi ladansa, ka kuma rufa wa ɓarawo asiri, gama ɓarawo ba abin da yake so kamar a ce kowa ɓarawo ne.

Ta biyu, yana sa a cuce ka da sauƙi. Da yawa cikin waɗanda suka zuba kuɗi a MMM sun ji gargaɗin Babban Bankin Nijeriya. Amma suka ce, "Gwamnatin ma ai damfara ce, bari in ci nawa in fita da wuri." Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kuma kuɗin da na farko ya ci, na maƙwabcinsa ne da ya shiga a baya, sau da yawa ma ɗan ikkilisiyarsu wanda shi ya jawo.

Ta uku, wadda ta fi muni, yana ba mutum izinin yin zunubi. Mai cewa kowa yana yi, gobe shi zai zuba yashi a buhun riɗi, shi zai karɓi naira 2,000 da sabulu ya sayar da ƙuri'arsa, lamirinsa kuwa ba zai dame shi ba.

Shaidun da suka ƙaryata maganar

Shin gaskiya ne ba abin da yake canzawa? Ku tuna da shekarar 2011 a wannan jiha tamu. Aliyu Akwe Doma yana kan kujerar gwamna, jam'iyyarsa ta PDP tana mulkin ƙasa. Duk da haka Umaru Tanko Al-Makura na CPC ya kayar da shi da ƙuri'u 'yan dubbai kaɗan, ya zama gwamna ɗaya tak da jam'iyyar ta samu a Nijeriya duka. Da waɗannan 'yan dubbai sun zauna a gida suna cewa duk kanwar ja ce, da labarin ya zama dabam.

Ku tuna da Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008. Ta ƙone jabun magunguna a fili, ta rufe kasuwannin da ake sayar da su. A watan Disamba na 2003 aka harbi motarta, Allah ya tsare ta, ta kuwa koma bakin aiki. Ma'aikaciyar gwamnati ce ita ma.

Ko a harkar waya, da farko akan caji mutum naira 50 a minti, ko da daƙiƙa biyar ya yi magana. A 2003 kamfanin Glo ya shigo da caji bisa daƙiƙa, ba a daɗe ba sauran suka bi, domin masu saye sun nuna za su koma inda ya fi musu adalci.

Iliya da Obadiya

Ku karanta 1 Sarakuna sura 18 da 19 tare da iyalinku. A zamanin Ahab da Yezebel, annabi Iliya ya gaji har ya yi kuka ga Ubangiji cewa shi kaɗai ya rage. Ubangiji bai ce masa muguntar ba ta da yawa ba. Amma ya gyara masa lissafi, ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su yi wa Ba'al sujada ba, sa'an nan ya aike shi ya koma aiki. Abin mamaki, a cikin fadar Ahab kanta akwai Obadiya, wakilin gidan sarki, wanda ya ɓoye annabawa 100 a kogo, yana ciyar da su. Iliya ya san da wannan, gama Obadiya ya faɗa masa da bakinsa. Gajiya ce ta sa ya manta. Haka mu ma, ɓacin rai yakan sa mu ƙidaya miyagu, mu tsallake masu gaskiya.

Abin da za mu yi a gida

Iyaye, ku lura da abin da yara suke ji a bakinku. Yaron da ya girma yana jin cewa sai da cuta ake arziki, ya riga ya sami darasinsa. In kun san mai shago da ke cika mudu, ku saya a wurinsa, ku kuma faɗi sunansa a zumuntar mata. Manoma su haɗa kayansu su sayar tare, domin dillali ya kasa karya su ɗaya ɗaya. Kada a bar kowa ya yi tallar shirin ninka kuɗi a harabar majami'a. Ku karɓi katin zaɓe, ku yi zaɓe, ku tsaya har a ƙirga, bayan haka ku riƙa tambayar kansila da ɗan majalisa alkawaran da suka yi. Fiye da duka, naka mudun ya zama cikakke.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji, ka ba mu ido mai gane cuta, da zuciyar da ba ta fid da rai. Ka nuna mana masu gaskiya da ke kewaye da mu, ka sa mu zama cikinsu. Cikin sunan Yesu, amin.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, Allah ya kai mu.