Tsohuwar kwamfuta ta sami sabon mazauni

A shekara ta 1984 kamfanin Thomson na ƙasar Faransa ya fito da wata ƙaramar kwamfuta ta gida mai suna MO5. Ana haɗa ta da telebijin, ana ɗora mata wasanni daga kaset irin na waƙa. A 1985 gwamnatin Faransa ta rarraba dubbanta cikin makarantu. A 1989 kuwa kamfanin ya daina ƙera irinta.

Yau waɗannan na'urori sun tsufa, zafi da laima kuma suna cin zaren kaset. In zaren ya lalace, abin da ke cikinsa ya tafi ke nan.

Saboda haka masana suka rubuta manhajojin kwaikwayo, irin su DCMOTO. Aikinsu shi ne su sa kwamfutar zamani ta bi umurnin wasa ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda ƙwaƙwalwar MO5, wato Motorola 6809, take yi. Sai a kwafe kaset ya zama fayil, wasa ya tashi kamar jiya aka shirya shi.

Jama'a masu karatu, wannan adana tarihi ne: kaset ɗin da aka kwafe kafin ya lalace, shi kaɗai jikoki za su tarar.