Jingar Lissafi: A Riƙe Hannun Yaro, Kada a Karɓe Masa Biro

Da yaro ya kawo jingar aljabara gida, abin da ya fi sauƙi ga wansa ko mahaifiyarsa shi ne a rubuta masa amsa, ko a ɗauki hoton tambayar da waya a kwafo. Washegari malam ya ba shi maki, amma ranar WAEC ko NECO ba wanda zai zauna kusa da shi, kuma sai da kiredit a lissafi ake shiga yawancin kwasa-kwasan jami'a.

Ga irin tambayar da ake yawan bayarwa a ƙaramar sakandare. Alwatika ce, tsawon gefunanta x + 3, da 2x, da 3x − 1, an ce kewayenta santimita 32 ne, a nemo x. Kafin a taɓa biro, a sa yaron ya zana ta, ya bi gefunan uku da yatsa har ya dawo inda ya fara. Kewaye ke nan. Sai ya tara masu x wuri guda, zallar lambobi wuri guda, ya sami 6x + 2.

A nan ne yara da dama ke faɗuwa, su rubuta 8x. Kada a yi tsawa. A tambaye shi: buhu shida na masara da tiya biyu, sun zama buhu takwas? Da kansa zai gyara. Haka x² da x, ba a tara su su zama abu ɗaya. Daga 6x + 2 = 32 zai cire 2, ya raba 30 gida shida, x ya fito 5. Gefunan sun zama 8, 10 da 14. Ya tara su ya ga ko sun ba da 32. Wannan dubawar ta fi amsar kanta daraja.

Kada iyaye su ji kunyar yin bayanin da Hausa. Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, da kalmomi zalla ya rubuta shi, ba x ba y, kuma misalansa da yawa na rabon gado ne da awon fili.

Don haka iyaye da yayye, idan jinga ta zo yau da dare, ku zauna ku yi ta tambaya, biron kuma ya tsaya a hannun yaron.