Lissafin gini kafin a haƙa tushe: sana'ar ƙididdigar kuɗin gini a Baudeta

Mai ƙididdigar gini shi ne wanda ke ɗaukar zanen gida, ko na aji, ko na ɗakin shan magani, ya fitar da yawan kayan da aikin zai ci da kuɗin da za a kashe tun ba a sari ƙasa ba. A Nijar da Faransanci ake kiransa métreur, takardar da yake rubutawa kuma ita ce magina da 'yan kwangila ke cewa debi. A Najeriya sana'ar ta biyo tsarin Ingila, tana da ƙungiyarta, NIQS, tun 1969, da hukumar rajista da dokar 1986 ta kafa. A ɓangaren Nijar ba a ware ta haka ba, yawanci a cikin karatun injiniyan gine-gine ake koyon ta.

Aikin yana farawa da awo. A ɗauki aji mai tsawon mita 9 da faɗin mita 7, bangonsa mita 3. Kewayensa mita 32 ne, wato bango murabba'in mita 96. In aka cire ƙofa da tagogi, a ce murabba'in mita 10, saura 86. Bulo mai tsawon santimita 40 da tsayin 20 guda goma sha biyu da rabi ke rufe murabba'in mita ɗaya, don haka ajin zai ci bulo 1,075, sai a ɗora 'yan kaɗan saboda masu fashewa wajen lodi da saukewa. Kankaren ginshiƙi yakan ci siminti kilo 350 a kowace kubik mita, buhu bakwai ke nan na kilo 50. Haka ake bin ƙarfe, da kwano, da katako, da fenti, layi bayan layi.

Wannan ɓangare ɗalibi mai kai yana iya riƙe shi cikin 'yan watanni. Sa farashi shi ne mai wuya, kuma a wuri irin Baudeta, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Tasawa, wuyar ta fi fitowa fili. Buhun siminti yana da kuɗinsa a shagon Maraɗi, yana da wani a Tasawa, in ya isa bakin aiki a ƙauye kuma ya zama wani abu dabam, domin an biya mota, an biya 'yan dako, wani lokaci har da amalanke inda rairayi ya hana mota shiga. Yashi yana kusa, tsakuwa kuwa sau da yawa sai an ɗauko ta daga nesa. Ruwa ma kaya ne: kwaɓa siminti da shayar da bulo suna shan ruwa mai yawa, in rijiya na da nisa kuɗin jigilarsa kan ba mai gini mamaki. Ga kuma damina. Da zarar ruwa ya sauka leburori sun koma gonakin hatsi da wake da gyaɗa, wanda ya rage sai ya tsadance. Debin da aka rubuta a ofishin Yamai ba tare da an taka wurin ba yakan manta da duk waɗannan.

Iyaka ma tana da hannu a lissafin. Siminti yana zuwa daga masana'antar Malbaza ta jihar Tawa, wani kuma yana shigowa daga Najeriya, tare da sauran kayan gini na kasuwannin Kano da Katsina. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, sun girgiza farashi. A Oktoban 2024, bayan ambaliyar da ta rushe gidaje da yawa a jihar Maraɗi, gwamnatin Nijar ta rage kuɗin siminti. Shi ya sa mai lissafin da ya san aikinsa yake rubuta ranar da ya yi debi, ya faɗi tsawon lokacin da farashin zai tsaya, ya ware wani kaso na abin da ba a zata ba, sannan ya ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 inda ya wajaba.

Hanyar karatu ga ɗan Baudeta ta bi ta Maraɗi. Bayan jarrabawar BEPC akwai makarantar fasaha ta Dan Kasawa, bayan bakaloriya kuma akwai sashen gine-gine na Jami'ar Dan Dikko Dankulodo, ko makarantar EMIG a Yamai. Wanda ya iya Turanci yana iya ƙetarawa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Bayero ta Kano, inda sana'ar ke da sashenta. Lissafi da karatun zane su ne jari, sai sanin Excel da AutoCAD.

Takardar shaida ba ta wadatarwa. Sabon ɗalibi yakan shafe shekarun farko a bakin aiki, riƙe da tef ɗin awo, yana ƙirga bulon da buhu ɗaya ya fitar, yana lura da abin da maso da yaransa ke ginawa a wuni. Daga nan ne alƙalumansa ke fara yin daidai da gaskiya.

Guraben aiki suna wajen 'yan kwangila, da ofisoshin nazarin gine-gine, da ma'aikatun magajin gari, da ƙungiyoyin agaji masu gina rijiyoyi da makarantu. Gobarar da ta hallaka yara a azuzuwan zana a Maraɗi a Nuwamban 2021 ta ƙara tada maganar gina azuzuwa na bulo, kuma kowane aji da za a ba da kwangilarsa sai an yi masa debi. Idan aiki ya kankama, mai ƙididdiga ne ke komawa ya auna abin da aka gina kafin a biya ɗan kwangila, nan ne kuma ake yawan matsa masa ya sa hannu a kan abin da bai gani ba. Wanda ya daɗe a fagen yakan buɗe ofishinsa, yana yi wa 'yan kasuwa da masu aiko kuɗi daga ci-rani lissafin gidajensu mataki-mataki: tushe bana, bango baɗi, rufi in an sayar da amfanin gona.