Hasken Rana da Tace Ƙazamin Ruwa: Darasi Daga Jibiya

Gabatarwa

Hausawa kan ce ruwa abokin aiki, amma ba kasafai mukan tambayi inda abokin nan ke zuwa ba bayan ya gama yi mana wanka da wanki. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda hasken rana zai taimaka wajen tace ƙazamin ruwan gari, tare da ɗaukar Jibiya ta Jihar Katsina a matsayin misali.

Me ya sa Jibiya?

Jibiya tana bakin iyaka, da an wuce Magama sai Ɗan Isa ta ƙasar Nijar. Kogin Gada, wanda aka gina madatsar ruwan Jibiya a kansa, shi ne ke tsallaka iyaka ya zama Gulbin Maraɗi. Yana kuma cikin kogunan da Nijeriya da Nijar suka ƙulla yarjejeniya a kansu a Maiduguri cikin 1990. Ashe ke nan duk ƙazantar da lambatu ya kwasa ya zuba a kogin da damina, ba ta neman fasfo kafin ta isa fadamun Madarumfa da Maraɗi.

Yadda matata ke aiki

A matatar zamani, irin ta Wupa da ke Abuja, da farko akan tare tarkace da yashi, sannan a bar dagwalo ya kwanta. Daga nan sai a tura ruwan cikin manyan kwatamai inda wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke cinye ƙazantar. Su kuwa ba sa rayuwa sai da iska, saboda haka injuna ke hura musu ita dare da rana. Wannan huri shi ke cin kusan rabin lantarkin matata, wani lokaci ma fiye. Idan wuta ta daɗe a ɗauke, sai su mutu, ruwa ya fita yadda ya shiga.

Ba tatsuniya ba ce batun yankewar wuta a wannan yanki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, Nijeriya ta katse mata lantarki, ta kuma rufe iyaka har zuwa Maris 2024. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ai sai ya shafa wa nasa ruwa.

Gudummawar rana

Fayafayan hasken rana suna mai da hasken lantarki kai tsaye, ba gas ba hayaƙi. Abin ba baƙo ba ne: Abdou Moumouni, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya daɗe yana bincike a kai kafin rasuwarsa a 1991. Nijar ta buɗe tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018, aka kuma ƙaddamar da ta Kumbotso a Kano mai megawat 10 a 2023.

Sai dai akwai sharuɗɗa uku. Na farko, rana tana faɗuwa amma ƙwayoyin ba sa barci, don haka dole a tanadi batura, su ne kuwa masu tsada. Na biyu, ƙurar hunturu tana rufe fayafayai, sai an riƙa goge su. Na uku, tilas a horar da 'yan gari su iya gyara.

Ga ƙaramin gari kuwa akwai hanya mafi sauƙi, watau tafkunan tacewa marasa zurfi irin na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A cikinsu rana ce ke raya gansakuka, ita kuma ta samar da iskar da ake bukata. Lantarki kaɗan ake nema don tura ruwa, wanda za a iya yi da rana tsaka.

Kammalawa

A ganina tafkuna haɗe da famfon rana su suka fi dacewa da gari kamar Jibiya, domin fili da rana ba su yi ƙaranci ba. Ruwan da aka tace zai amfani masu noman rani, ya kuma rage barazanar kwalara a ɓangarorin iyakar biyu. Rigakafi dai ya fi magani.